Ɗana na son ya ƙare hutunsa a aikin gayya, ga BAC na tafe

Mai shagon hatsi, unguwar Bagalam

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga malaman lakwal da iyayen da suka riga ni ganin irin wannan.

Babban ɗana shekararsa 17, yana lise, wato babbar sakandare, sashen D, in Allah ya kai mu Oktoba zai shiga ajin ƙarshe. Kowace shekara in an ba su hutu shi ke tsaya mini a shago: ya auna tiya, ya rubuta bashi, ni kuma in samu in leƙa kasuwannin ƙauye. Bana sai ya zo ya durƙusa ya ce in ɗaga mishi ƙafa kwana uku a mako. Wai ƴan fadarsu, waɗanda na sani da dafa shayi da gardamar ƙwallo a bakin titi, sun shirya yashe kanibon layinmu, wato kwatar ruwa, kafin ruwa ya zauna, su dasa itatuwa ran 3 ga Agusta, da marece kuma su riƙa koya wa yaran firamare lissafi. Na ce nawa za a ba ku? Ya ce ko dala.

Ban hana ba, ban kuma amsa ba. In ya tafi sai na ɗauki yaro in biya shi jika guda a wuni. Wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni barci BAC ne, jarabawar gama lise. Ni a allo na tsaya, duk abin da na samu a kan yaron nan na zuba. Ba na so ya ƙarar da ƙarfinsa a kwata, baɗi a kira sunaye a tsallake nashi. Akwai abin da aikin nan ke ƙara wa ɗan makaranta, ko lada ce kawai? Ladar ma ban raina ba, gaskiyar nake son in ji.

Tsohon mushe

Wa alaikumus salam. Alhaji, na daɗe da alli a hannu kafin in aje, ga abin da idona ya gani.

Cikin ukun da ya lissafa maka, koyar da yaran nan shi ne wanda zai koma aljihunsa. Ɗalibi kan ɗauka ya gane darasi don ya haddace. Ranar da yaro ɗan shekara 10 ya dube shi ya ce "don me ake juya na ƙasa ya koma sama in za a raba?", a nan zai san ko ya gane ko bai gane ba. Dole ya koma gida ya buɗe littafi don kada ya ji kunya gobe. Kuma hutun nan kusan wata uku ne. Yaran da suka aje biro tun Yuli, in sun dawo sai mu yi makonni muna tada musu abin da suka manta.

Abin da suke yi ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenmu da gayya suke nome gonar mara lafiya, da gayya ake ɗora jinka. Zamanin Seyni Kountché, bayan 1974, samariya ce ke gina azuzuwa da share gari, kowace unguwa da sarkin samarinta. Ba komai nata ne na yabo ba, an sa siyasa a ciki, amma da yawanmu a can muka koyi tsayawa gaban manya mu yi magana ba rawar baki.

Sharaɗi ɗaya nake ba ka: daga Oktoba a rage. Ɗan sashen D da lissafi da kimiyya a kansa ba shi da marece uku na bayarwa. Safiyar Lahadi ta isa.

Ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Baba, ina wuni. Ni ma sai da aka sha fama a gidanmu kafin a bar ni. Hutun da zan shiga ajin ƙarshe na riƙa bin wata inna mai aikin wayar da kai ta asibitin unguwarmu. Lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina ne, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Na ranar farko masu rabo ke bayarwa, na kwana biyun da suka rage uwa ake bar wa, kuma a nan ake mantuwa. Aikina in koma gidajen in tuna musu.

Ita ta koya mini awon damtse da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja. In ya sauka ƙasa da santimita 11.5, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Wata rana na ɗaura wa wata yarinya a wani gida da nake wucewa kullum in za ni lakwal, sai ga ja. Hannuna ya ɗauki rawa. Uwar ta ce haƙora ne take fiddawa. Na zauna kan tabarma na yi ta lallashi har ta ɗauki mayafi muka tafi. Yarinyar nan yanzu tana aji biyu.

Kafin ranar ban san me nake so in karanta ba, BAC ɗin ma don kada a yi mini dariya nake nemansa. Bayanta na san dalilin da ya sa nake tashi da asuba in yi bita.

Ma'aikacin jinya

Alhaji, ban ƙi maganarsu ba, amma kanibon nan kada a ɗauke shi wasa. Akwai fasassun kwalabe, tsatsattsun gwangwanaye, har allurai. Kada ya shiga da silifa ko hannu tsirara, sai da takalmin roba mai tsawo da safar hannu, kuma a duba ko ya yi allurar tetanus. In hadari ya haɗo su fito. Wanda ya san yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa gulbi a garin nan ya san ba ya sallama, ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon Maradi daga fadama.

Sannan ka tambayi wa ke bayansu. Na sha ganin yara sun wuni cikin rana, wani babba ya zo da mota a ɗauki hoto ya tafi da sunan aikin. In nasu ne da mai unguwa, madalla.

Mai shagon hatsi, unguwar Bagalam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mushe, sharaɗinka na ɗauka, na kuma faɗa mishi a gaban mahaifiyarsa. Likita, na sayi takalman roba ƙafa biyu, su riƙa karɓa-karɓa. Na je wurin mai unguwa da kaina, ya ce da saninsa, shi ya ara musu baro da shebur.

Jiya bayan la'asar na rufe shago na bi ta inda suke karatun, ban bari ya gan ni ba. Zaure ne aka ba su aro, an jingina wani tsohon ƙyaure an shafa mishi baƙi ya zama allo. Na ƙirga yara 14. Wani ƙarami ya kasa rabawa har ya fara hawaye. Sai na ga ɗana ya aje alli, ya zaro tiya daga jakarsa, tiyar shagona ce ma, ya cika ta da yashi ya ce a raba wa mutum huɗu. Yaron ya tsuguna ya yi kashi huɗu a ƙasa, ya ɗaga kai yana dariya. Na daɗe tsaye a bayan katanga. Yaron da a gida sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa.

Yanzu saura itatuwan. Sun samu dashen dogon yaro guda 30, amma awakin layinmu ba za su bar ko ɗaya ba in ba a killace ba. Wanda ke da tsohuwar waya ko bulon da ya rage daga gini, ya yi magana a nan kafin 3 ga wata, ni zan turo amalanke a ɗauko.