Shuɗin Furushiya: wa ya taɓa aiki da shi?

Ɗalibin likitancin dabbobi, Samaru: Assalamu alaikum. Jiya a aji aka ambaci shuɗin Furushiya, garin da aka riƙa ba shanu da tumaki bayan fashewar tashar nukiliya ta Chanobil da ke Yukren a 1986, don kada siziyom-137, wani sinadari mai tururin nukiliya da fashewar ta watsa, ya bi ciyawa ya shiga nono da nama. Abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa aiki da shi, don Allah ya ba mu labari.

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ni da hannuna na haɗa shi. Ruwa biyu ne masu ɗan rawaya, ina zuba ɗaya cikin ɗaya sai kwalbar ta rine shuɗi shar, kamar baban marina. Da ya bushe na kara masa maganaɗisu, tunda ƙarfe ne a ciki, amma ko gezau. Malaminmu ya ce sai sanyi ya kai kusan digiri 268 ƙasa da sifili kafin ya nuna halin maganaɗisu sosai. Ƙarfen iri biyu ne, sayanaid ya sarƙe su, suka jeru kamar ɗakunan tubali da gurbi a tsakiya. Cikin gurbin nan siziyom ke maƙalewa.

Ɗalibin: Sayanaid kuma, Yaya? Ba guba ba ce?

Ɗalibar: A ɗaure yake tamau jikin ƙarfen, ƙanena. Hanji ma ba ya tsotsar garin, wucewa yake.

Tsohon likitan dabbobi, Shika: Ɗana, ni a madubin likita na san shi. Mukan rina yankin saifa ko hanta, duk inda ƙarfe ya taru sai ya fito shuɗi. Na shekara ina kallon launin nan kafin na san magani ne. Jiki yana ɗaukar siziyom kamar fotashiyom, sinadarin da yake buƙata, ya zubo shi hanji, ya sake tsotsewa. Garin nan ke tare shi a can, ya fita da kashi, kashin ma shuɗi. Abin da ya fi burge ni dabarar mutanen Norwe, inda ƙurar Chanobil ta kai: cikin gishirin lasa suka sa shi, yadda Fulaninmu ke ba shanu kanwa. Makiyayi bai buƙaci allura ba. Kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne, sai siziyom-137 ya yi shekara 30 kafin rabinsa ya ƙare.

Ɗalibin: Allah ya saka da alheri, Baba. Yaya, in za ku sake haɗawa a kira ni.