Keshi: a fili ya fi ko a benci?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya a gidan kallo musu ya kaure tsakanina da wani dattijo, wai shi a wurinsa Stephen Keshi ɗan wasa ya fi Keshi koci nesa ba kusa ba. Ni dai ban riski wasansa ba, a 2013 na san shi lokacin da ya ɗauko mana kofin Afirka. Waɗanda suka gan shi da idonsu don Allah ku raba mana gardama.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Dattijon nan bai yi ƙarya ba. Keshi ɗan baya ne irin wanda idan ya daka tsawa duk ƴan bayan sai sun shiga taitayinsu, ba a banza ake ce masa Big Boss ba, ga ƙarfin ƙafa, in ya ɗauke ƙwallo daga baya sai ya aika ta har gaba. Daga ƙungiyar New Nigerian Bank ta birnin Benin ya tafi Abidjan, daga can sai Beljiyam, ya fara da Lokeren sannan Anderlecht, daga baya Strasbourg a Faransa. Shi ya buɗe wa yaranmu ƙofar Beljiyam, da yawa bayansa suka bi. Amma a 1994 da muka ci Zambiya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya jiki ya fara gajiya, shi ne kyaftin ɗin tawaga amma Uche Okechukwu da su Eguavoen ne ke riƙe da bayan.

Sarkin Musu:
Baba a yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Ƴan baya masu kyau mun yi su da yawa, koci irinsa fa? Mutumin da ya kai Togo gasar kofin duniya ta 2006, Togo fa, karon farko a tarihinsu, sannan suka sallame shi kafin a je Jamus bayan sun sha kashi a gasar kofin Afirka a Masar kuma ya samu matsala da Adebayor, sabon kocinsu Otto Pfister ya je ya ci guminsa. A 2013 kuma kowa zaginsa yake don ya bar Odemwingie da Martins a gida ya kwashi ƴan wasan lig ɗin gida irin su Oboabona da Sunday Mba, ranar wasan Ivory Coast wallahi ni kaina na cire rai, Drogba da Yaya Toure ga su nan, sai ga Mba ya ratso ya buga ta shiga raga 2-1, ban san sanda na zubar da shayin mutumin da ke gefena ba. Mban nan dai shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Ummu Musa7:
Kar ku manta a hannunsa Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a 2014. Amma fa ya kasa kai mu kofin Afirka na 2015, a faɗi wannan ma.

Baba Mai Rediyo:
Haka ne ƴata. Shi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne suka ɗauki kofin suna ƴan wasa suka sake ɗauka suna koci. Keshi ya rasu a watan Yuni 2016 a birnin Benin, shekararsa 54.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba. Zan koma gidan kallo da zancen Togo, in ga ta inda dattijon zai ɓullo.