Tawada ta ɓata mini bangon samfuri

Maijirgi: Jama'a, na haɗa ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta roba mai ma'aunin 1:87 (wato ta gaske ta ninka ta girma sau 87), ina so ta yi kamar ta tsufa. Na sirka baƙar tawada da ruwa na shafa, sai ta taru ɗigo-ɗigo, ta bushe dabbare-dabbare. Mako uku na yi a kanta, abin ya dame ni.

Kafinta: Ɗan'uwa, roba ba ta shan ruwa. Sirka da sifirit, cokalin shayi ɗaya na tawada a rabin lita. Sai ta malala cikin tsagogin bulo da kanta. Ja buroshi daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke gangarowa. Amma gwada a ɓoyayyen gefe tukuna, sifirit na cin wani fentin.

Maizane: Ɗigon sabulun ruwa a cikin ruwan tawadar ma yana yi. Shafa kaɗan-kaɗan, sau uku.

Maijirgi: Na gode, yau zan gwada.