Kampus: haraba ce ko mazauni?

Jama'a, mu tsayar da magana kan kampus. Gidajen rediyo suna cewa harabar jami'a, ɗalibai suna cewa kampus, ni kuma ina ganin haraba ta yi wa abin kaɗan.

Campus ta Turanci daga Latin ta fito, ma'anarta fili kawai. A Roma akwai Campus Martius, filin da sojoji ke atisaye. Jami'ar Princeton ta Amurka ce aka fara kiran filinta da wannan suna, wajen 1774, daga nan sunan ya bazu. Wato Bature fili ya gani.

Mutanen Iran kuwa katanga suka gani. Kalmarsu pardis ce, da ita Jami'ar Tehran ta riƙa kiran sashenta na aikin gona da ke garin Karaj. Asalinta pairi-daeza a tsohon harshen Avesta: pairi kewaye, daeza katanga. Lambun sarki ne mai ganuwa, da itatuwa da ruwa da namun farauta a ciki. Xenophon, marubucin tsohuwar Girka, ya ga irinsa a daular Farisa, ya rubuta shi da Girkanci paradeisos, Turanci ya gaje ta a paradise. Masana harshe suna danganta Firdausi da wannan tushe, kalmar da ta zo sau biyu a Alƙur'ani, a Kahfi da Mu'minun. Abin ya burge ni ƙwarai, a ce ɗalibin Tehran yana kiran makarantarsa da 'yar'uwar kalmar da muke roƙo da ita a addu'a. Amma mu ba za mu bi su ba, Firdausi ta Lahira ce a kunnen Bahaushe.

Haraba ita ce sararin da ke gaban gini ko kewayensa, inda ake ajiye mota, inda ake shimfiɗa tabarmi idan masallaci ya cika ranar Juma'a. To Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU) tana da Samaru, tana da Kongo, kowanne da azuzuwa da ɗakunan kwana da gidajen malamai. Wa zai kira Samaru haraba?

Zaɓina mazauni. Ba ƙirƙira ba ce, tuni 'yan jarida ke cewa mazaunin jami'a na dindindin. Sai a ce mazaunin Kongo, mazaunin Samaru, tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) da sabo. Haraba kuma a bar ta inda ta dace: an yi taro a harabar laburare.

'Yan'uwa na Nijar, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai me kuke cewa idan kuna Hausa?