Neman shawara: yanka bakin ma'aji a rufin kwalekwale

Mai tambaya, Yauri: Assalamu alaikum iyayen gida. Na haɗa ƙaramin kwalekwale mai rufi na mutum ɗaya, irin kayak. Rufin filawud ne mai kaurin milimita 4, yana da ɗan doro. Ina so in yanka baki biyu, gaba da baya, don ajiyar kaya, guntun da na cire kuma ya zama murfi. Ta ina zan fara?

Kafinta, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada zarto ya taɓa rufin sai ka gama shafa masa fayiba (ƙyallen zaren gilashi) da efoksi (gam mai ƙarfi mai hana ruwa shiga) ciki da waje, ya bushe sarai. Yanka siffar bakin a kwali tukuna, mai kama da ƙwai, domin daga kusurwa mai kaifi katako ke fara tsagewa. Ɗora kwalin daidai kan layin tsakiya, ka bar aƙalla santimita 6 zuwa gefen jirgi, ka leƙa ciki ka tabbata ba ka hau kan katangar ciki mai raba ma'aji da wurin zama ba. Manna salatif na takarda, ka zana layin a kansa. Shi zai hana fatar katakon ɓantarewa.

Tunda guntun ne murfinka, kada ka huda babban rami don shigar da zarto. Yi ƙananan huji biyar ko shida na milimita 1.5 a jere kan layin, ka haɗe su da wuƙa, sannan ka zura siririn zarto mai ƙananan haƙora. Kana yanka kana manna salatif a inda ka wuce, in ba haka ba nauyin guntun zai yage ragowar.

Maƙerin jirgi, Ngaski: Malam ya yi daidai, amma ga inda ake yawan yin asara. Da zarar guntun ya rabu da rufi zai so ya miƙe, doron ya tafi, murfi ya ƙi zama. Kwafi lanƙwasar rufin tun kafin yanka, ka fitar da haƙarƙari biyu na katako masu wannan lanƙwasa, ka manna su a ƙarƙashin murfin a ranar.

Sai mazaunin murfi: zobe biyu na filawud daga ciki. Na farko yana daidai da bakin, shi ke ba robar toshiya mai hana ruwa shiga wuri. Na biyu ya leƙo ciki da santimita 2, a kansa robar za ta kwanta. In abin matse zoben lokacin mannawa bai ishe ka ba, yanka bututun roba na famfo gunduwa-gunduwa, ka tsaga kowane, ya zama matsi. Bakin yankan kuwa ya sha efoksi sau uku, don ta nan ruwa ke shiga ya kumbura filawud.

Wani memba, Argungu: A ƙara da lissafin zafinmu. Ka kwaɓa efoksi kaɗan-kaɗan, ka shafa da yamma lokacin da katako ke hucewa. Da hantsi iska ke fita daga jikinsa ta bar ƙuraje. Ka kuma huda katangar ciki daga wajen sama da hujin milimita 1, domin ma'ajin da ya sha rana aka jefa shi ruwan sanyi yana tsotse murfi har ya gagari buɗewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Da me zan danne murfin?

Kafinta: Ɗamara biyu ko uku a gicciye, da sukurori marasa tsatsa. Ɗiga efoksi a kowane rami kafin ka ɗaure.