Ta yaya zan gane sashen da ke cinye mana intanet?

Ɗan_Waya: Salamu alaikum. A wurin aikinmu SNMP muke dubawa, yana nuna yawan bayanan da ke bi ta kowace kafar suwich (na'urar da ake jona wayoyin kwamfutocin ofis a jikinta). To ma'aikatan sashen kuɗi suna warwatse a benaye daban-daban, wasu ma Wi-Fi suke hawa. Maigida kuma sashe yake tambaya, ba kafa ba. Ta ina zan faro?

Malam_Rauta: Wa alaikumus salam. SNMP ƙidaya kawai ya iya, bai san wanda ya aiko ba. Kunna NetFlow ko IPFIX (tsare-tsaren da ke rubuta wanda ya aika bayanai da inda ya aika su) a rautarku, wato na'urar da ke haɗa ku da intanet. Kowane bayani zai zo da adireshin IP na mai aikawa da na mai karɓa, sai ka tara su rukuni-rukuni.

Hajiya_Sabar: Ƙanena, ka ba kowane sashe VLAN ɗinsa tukuna, wato nasa keɓaɓɓen yanki a cikin hanyar sadarwarku; ƙa'idar VLAN ta 802.1Q ta ba ka har guda 4094. Amma ka tattara bayanan kafin su ratsa NAT (tsarin da ke mayar da adireshin ciki zuwa na waje), in ba haka ba kowa zai fito da adireshi guda, aikin banza ke nan.

Ɗan_Waya: Na gode Hajiya. DHCP fa, mai raba wa na'urori adireshi? Adireshin yana sauyawa.

Hajiya_Sabar: Ya sauya mana, ai cikin zangon VLAN ɗinsa zai tsaya.