Mai hoton biki: in ɗauko daga Yamai ko in riƙe ta Tawa?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Bikin ƙanwata ne a Tawa, mako biyu kafin azumi, kuma ni aka ɗora wa sha'anin hoto. Wanda na sani nan Yamai ya ce jikka 150 na kwana biyu, hoto da bidiyo, amma kuɗin kar da masauki da abinci duk a kaina, shi da yaronsa. Akwai wata yarinya can Tawa da ke yi a jikka 60, hoto kawai. Matsalar ita ce dangin ango sun ce namiji ba zai shiga cikin mata ba, ranar lalle da ranar kai amarya. In ɗauko na Yamai ya tsaya wajen maza, ko in riƙe yarinyar in haƙura da bidiyo?

Abdul na Talaje: Tanti ki nemi mai duron, ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Bikin abokina an ɗauko su daga sama a kan Gadar Kennedy, da yamma, kogi na ƙyalli. Kowa ya yaba.

Ɗan Adar: Wace gada kuma? Tawa aka ce maka. Ko kogin za ka ɗauko ka kai muna?

Zuzu: Jikka 150 ta yi yawa. Ni a Lazare jikka 80 na biya har da albom.

Maman Ayman: Wace shekara? Bara na biya 200 a Kwara Kano, kuma albom daban. Tun da aka rufe iyakar Benin komai ya hau, har takardar wanke hoto, in ji wanda ya yi mana.

Hajiya ta Bukoki: Ƴata, ki saurare ni, tsada ko araha ba shi ne abin dubawa ba. Na aurar da ƴata ta fari a watan Agusta 2023, daidai lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran. Yaron da ya yi mana hoto mai ladabi ne, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Na biya shi kuɗinsa cif tun kafin biki, don kada in riƙa tunani. Mahaifiyata ta taso daga Buza da ƙafarta mai ciwo, ta kwana uku a gidana, ita ta kama hannun amarya ta yi mata nasiha. Ina kallo ya ɗauke su, filashi ya haska fuskarta, har ta ce ya kashe mata ido. Bayan biki sai gobe, sai jibi. Daga baya ya daina ɗaukar waya. Da na aika ƙanena shagon, sai ya ce wai kuran ya dawo da ƙarfi cikin dare ya ƙona kwamfutar, kuma katin kamarar ya riga ya goge ya yi wani bikin da shi. Wata huɗu bayan nan Allah ya yi wa Inna rasuwa. Abin da ya rage mana na ranar nan hoto ɗaya ne da wata maƙwabciya ta ɗauka da waya, rabin fuskar Inna a cikin duhu.

Zuzu: Innalillahi. Allah ya jiƙan ta Hajiya.

Maman Ayman: Allah ya sa ta huta. Ya mayar miki da kuɗin?

Hajiya ta Bukoki: Rabi, bayan na kai shi wajen mai unguwa. Ni kuɗin me zan yi da su? Har yau in na wuce shagon nan sai na kau da kai.

Mai Kamara: Hajiya, Allah ya gafarta wa Inna. Sana'ata ce, kuma abin da ya yi miki ganganci ne, ba ƙaddarar kuran ba. Ba a goge kati sai hotuna sun kwana wuri biyu. Kamarori da yawa yanzu suna cin kati biyu, kowane hoto na sauka a kan duka biyun lokaci guda. Maman Nafisa, ki tambayi duk wanda za ki ɗauka wannan, ki ba da rabi kawai, sauran sai kile, wato ɗan filas ɗin da ake zuba hotunan a ciki, ta shigo hannunki. Kuma ni da zan ba ki shawara, ki riƙe yarinyar. Tafiyar Tawa ta fi kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, mutum zai iso a gajiye ya tsaya ƙofar gida yana ɗaukar tsofaffi suna raba goro da dabino. Hoton biki na ciki ne. Na taɓa yin wani a Harobanda, angon ya shekara biyar a Libiya yana aikin gini, yarinyar ta ƙi kowa tana jiransa, dangi har sun gaji da ita. Duk hotunan da na jera su na ce su yi murmushi, ba wanda suka so. Wanda suka sa aka faɗaɗa aka rataye a falo shi ne wanda ƙanwata ta ɗauka a ɗaki, lokacin da aka buɗe mata kai ta ɗago ta harare shi, shi kuma yana dariya yana share ido da hannun riga. Ni ina waje lokacin, ba a bar ni na shiga ba.

Abdul na Talaje: Shekara biyar? Ni wata biyar na yi a Agadas, na dawo na iske katin bikinta.

Ɗan Adar: Da ka tura duron ya riƙa duba maka ita.

Hajiya ta Bukoki: Malam mai kamara, maganarka da daɗi. Shi ma wancan haka bakinsa yake da daɗi. Ƴata, kada ki ɗauki shawarar mai hoto a kan mai hoto.

Mai Kamara: Hajiya, ai cewa na yi ta bar na Yamai ta ɗauki ta Tawa. Me na ci a ciki?

Maman Ayman: Gaskiya shi kaɗai ya karanta tambayar. Amma bidiyo fa? Bikin da ba bidiyo, dangin da ke Abijan da Lome me za a tura musu?

Abdul na Talaje: Shi ya sa na ce duron.

Maman Ayman: Abdul, ka fara biyan sadaki tukun, sannan ka shigo maganar manya.

Ɗan Adar: Ni Tawa aka haife ni. Jikka 60 ɗin ma an ga baƙuwa ne. Bikin ɗiyar yayana jikka 35 munka biya. Ki sa wata ta gida ta yi miki ciniki, kada ki kira da kanki, daga jin Hausarki za a san daga Yamai kike.

Maman Nafisa: Na gode. To bidiyon nake tambaya, ko akwai mace mai yi a can?

Zuzu: Ni abin da ke ƙona mini rai ma ba wannan ba ne. Masu hoton da ba wanda ya gayyace su. Kana cikin cin shinkafa a ɗauke ka, kafin a tashi an wanko an baza a tabarma bakin ƙofa, 500 kowane. In ba ka saya ba, fuskarka ta kwana a titi.

Maman Ayman: Wannan da sauƙi, ko ba komai takarda ce. Ƙawayen amarya fa? Tun ba a kai ta ɗakinta ba tana TikTok, an sa mata waƙa, an goge fuskar ta yi fari fat. Surukata ta kalli bidiyon jikarta ta ce wace Balarabiya ce wannan.

Mai Kamara: Farin nan kuwa su ke roƙo. In ka bar amarya da kalarta sai a ce ba ka iya aiki ba.

Zuzu: Ƙarya ne, ni ban roƙa ba, kuma sai da aka mayar da ni kamar an shafa mini garin rogo.

Hajiya ta Bukoki: Ku dai kuna da hotunan da za ku yi faɗa a kansu.

Ɗan Adar: Zuzu, turo mu gani, mu yi hukunci.